Intanet ya shigo unguwa, amma wa ke gadin ƙofar?

Tun daga watan Maris na 2025 da kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, fararen farantansa suka soma bayyana bisa rufin shaguna da gidaje, daga Yamai har Maraɗi, Damagaram da Tawa. Bayansu kuma sai ga sana'ar sayar da wifi ta ƙara bunƙasa. Matashi ya haɗa kuɗi ya sayi faranti, ya sayi ƙaramin akwatin raba intanet da ake kira rutar, ya kafa eriya bisa dogon ƙarfe, sai ya shiga yanka tikiti yana sayar wa ƴan unguwa. Gidajen sayar da magani, makarantu masu zaman kansu, ƙananan gidajen likita da masu aika kuɗi su ma ba a bar su a baya ba. Duk wanda ya san wahalar rezo a ƙasar nan ba zai ga laifin wannan murna ba.

Hirar da ake yi kan lamarin ba ta wuce biyu: gudunsa nawa ne, kuma nawa ake biya a wata. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa zai iya shigowa ta wannan hanyar da aka buɗe. Hanyar intanet ba ta tafiya gefe guda. Yadda kake fita ka je Facebook ko WhatsApp, haka wani da ke can wata nahiya zai iya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar na'urarka, kuma ba ya bukatar ya san sunanka ko garinku.

Mutane da dama na cewa, ni wa ya san da ni, me gare ni da za a sata? Wannan tunanin ya dace da ɓarawon unguwa, wanda sai ya yi kwanaki yana leƙen gida kafin ya haura katanga. Ɓarawon intanet inji yake sakawa ya bi adireshi ɗaya bayan ɗaya. Adireshin tsohon tsari, wanda ake kira IPv4, gaba ɗaya ba su fi miliyar 4 da ƴan kai ba, kuma tun 2013 masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa kwamfuta guda mai layi mai ƙarfi za ta iya gwada ƙofa ɗaya a dukkansu cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai ma shafi mai suna Shodan wanda aikinsa ke nan, tattara jerin na'urorin da aka bari a buɗe: kyamarori, rutar, injinan buga takarda. Injin da ke wannan yawo bai san bambancin babban banki a Paris da shagon wifi a Tessawa ba. Inda ya tarar a buɗe, nan yake shiga.

Abin da ake sakawa ya tsare wannan ƙofa shi ne masu Faransanci ke kira pare-feu. Mu kira shi mai gadin layi. Galibi ba wani akwati ba ne na daban da sai an saya. Yana nan cikin rutar ɗin da aka riga aka biya kuɗinsa, yana cikin Windows, yana cikin Linux. Jerin dokoki ne kawai da ke cewa wannan ya wuce, wancan ya tsaya. Matsalar ita ce sai wani ya zauna ya rubuta dokokin, ko kuma aƙalla kada ya goge waɗanda suka zo da na'urar.

Don a gane aikinsa, sai a san cewa duk abin da ke yawo a intanet, hoto ne ko murya ko saƙon kuɗi, ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi na ɗauke da adireshin mai aikowa, adireshin wanda aka aika wa, da lambar ƙofar da zai shiga. Kowace na'ura na da ƙofofi 65,535 ga kowane irin sufuri, kuma an saba ware wasu lambobi ga wasu ayyuka. Shafukan intanet na amfani da 80 da 443. Ƙofa ta 22 da ta 23 na masu sarrafa na'ura daga nesa ne. Ta 445 ita Windows ke raba fayil da ita tsakanin kwamfutocin biro ɗaya, ta 3389 kuma ta nan ake karɓe allon kwamfuta daga wani wuri kamar mutum na zaune gabanta.

Masu gadin farko ba su da tunani. Suna duba kowane ƙunshi shi kaɗai, su kalli lambarsa, su yanke hukunci, su manta. Kamar mai gadin zaure ne da ba ya riƙe fuska: an aiki yaron gida kasuwa, ya fita a gabansa, amma da ya dawo sai a tsaya ana tambayarsa ko shi wane ne. Don kada a riƙa tsare ƴan aike, dole aka riƙa barin ƙofofi masu yawa a buɗe, kuma duk wanda ya yi shigar ɗan aike sai ya wuce. A farkon shekarun 1990 aka fito da mai gadi mai littafi, kuma kamfanin Check Point na Isra'ila ne ya yi suna da shi a kasuwa tun 1994. Shi wannan, duk lokacin da wata na'ura ta cikin gida ta fara magana da waje, sai ya rubuta: wane ya fita, ya nufi wuri kaza, ta ƙofa kaza. Idan amsa ta dawo, sai ya duba littafi, ya ga ta dace da abin da ya rubuta, ya bar ta ta shiga. Wanda ya zo daga waje ba tare da wani ya kira shi ba, sunansa ba ya cikin littafi.

Da wannan littafin yake kasa masu zuwa kashi huɗu. Akwai sabon zuwa, mai neman a fara magana. Akwai wanda maganarsa ta riga ta ƙullu, ana cikin yi. Akwai ɗan rakiya, wato saƙon da ya taso saboda wata maganar da ake cikin yi, misali sanarwar cewa hanya ta toshe. Sai na huɗu, maras asali, wanda ke da'awar ci gaban wata magana alhali babu ita a rubuce. Tsarin da kowane ƙwararre zai fara da shi gajere ne: a karɓi wanda maganarsa ta ƙullu da ɗan rakiyarsa, a jefar da maras asali, a buɗe ƴan ƙofofin da ake bukata da gaske ga waɗanda aka sani, sannan doka ta ƙarshe ta ce duk sauran a rufe. Jerin yana da muhimmanci ƙwarai, domin mai gadin daga sama yake karantowa, kuma dokar farko da ta dace da baƙo ita ce ke aiki, ba ya duba na ƙasa. Wanda ya ɗora "a bar kowa" a layin farko, duk abin da ya rubuta bayan nan ado ne.

Wannan doka ta ƙarshe ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce aka fi mantawa. Wasu na bi ta ɗaya hanyar: su bar komai a buɗe, sai su riƙa toshe adireshin da suka ga yana damunsu. Wannan ɗibar ruwa ne da kwando. Mai kai hari na canza adireshi yadda ake canza riga.

Ba sai an yi hasashe ba kan abin da ƙofa buɗaɗɗiya ke jawowa. Ranar 12 ga Mayu 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle bayanan kwamfutoci sama da 200,000 tana neman kuɗin fansa. Ta ƙofa ta 445 take shiga, ƙofar da babu dalilin da zai sa ta fuskanci titi. A Ingila sai da aka soke ganin likita kusan 19,000, kamfanin motoci na Renault kuma ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris na shekarar, amma da yawa ba su saka ba. Wanda bai saka gyaran ba amma mai gadinsa ya rufe 445 daga waje, aƙalla cutar ba ta samu hanyar faɗo masa kai tsaye daga intanet ba.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Laberiya. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo tana neman kyamarorin tsaro da rutar da suka bar ƙofa ta 23 a buɗe, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda na'urori ke fitowa da su daga masana'anta. Duk wadda ta buɗe, sai ta zama baiwa, ana haɗa ta da dubban ƴan uwanta a tura su kan wanda ake so a durƙusar. Wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da irin wannan runduna ya far wa kamfanin salula na Lonestar, bayan wani ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da shi ya ɗauke shi haya. A watan Nuwamba na 2016 harin ya yi ƙarfin da ya dagula intanet a ƙasar. Kotu a London ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a Janairun 2019. Masu kyamarorin da aka yi aikin da su, akasarinsu ba su taɓa sanin an yi ba. Iyaka dai su ga layinsu ya yi nauyi, su zagi kamfanin da ke ba su intanet.

A nan ne maganar ta shafi masu sayar da wifi kai tsaye. Akwatin da sana'ar ta fi dogara da shi a Afirka ta Yamma shi ne MikroTik, na wani kamfanin ƙasar Latbiya, domin yana da arha kuma yana iya yanka tikiti. Na'ura ce mai kyau. Ana sarrafa ta da manhajar Winbox ta ƙofa ta 8291. A watan Afrilu na 2018 aka gano wani rami a Winbox da ke ba baƙo damar kwashe kalmomin sirrin na'urar ba tare da ya shiga da izini ba. Kamfanin ya toshe shi nan da nan, amma waɗanda ba su sabunta ba suka ci gaba da zama a fili. Zuwa watan Agusta an kama sama da 200,000, aka fara daga Brazil, ana cusa wa masu hawa layinsu wata manhajar haƙar kuɗin intanet. A 2021 kuma aka ga wata runduna mai suna Meris, wadda galibinta irin waɗannan akwatuna ne, ta kai wa kamfanin Yandex na Rasha hari mafi girma irinsa a lokacin. Kamfanin MikroTik ya bayyana cewa da yawansu tun 2018 aka sace kalmomin sirrinsu, masu su suka sabunta manhaja amma ba su canza kalmar ba.

Abin takaicin shi ne ƙananan akwatunan MikroTik na gida suna zuwa da dokokin gadi masu kyau tun daga kwali: suna karɓar amsoshi, suna jefar da maras asali, suna rufe duk wanda bai fito daga cikin gida ba. Amma akwai zaɓin goge komai a fara daga fari, kuma yawancin darussan da ake koyon kafa wifi da su a bidiyo da wannan zaɓin suke farawa, don ya fi sauƙin bayani. Tekinisiyan ya goge, ya kafa tikiti, intanet ya zo, mai shago ya biya shi, kowa ya yi murna. Dokokin gadi kuwa babu wanda ya mayar da su, domin rashinsu ba ya hana komai aiki. Ba ƙeta ba ce. Aiki ne da ba a gani, kuma a kasuwarmu abin da ba a gani ba a biyan kuɗinsa.

Wani zai ce ai masu Starlink ba su da wannan damuwa, kuma akwai gaskiya a ciki. A tsarin gida na Starlink, kamar yadda yake a layukan salula, mutane da yawa ne ke tarayya a adireshi guda na waje, don haka baƙo ba ya iya nufo na'urarka kai tsaye ta tsohon tsari. Sai dai an yi wannan ne saboda ƙarancin adireshi, ba don gadi ba, kuma kariyar na gushewa da zarar an canza wani abu. Kamfani ko ma'aikatar da ta nemi adireshinta na kanta don ta riƙa kallon kyamarori daga nesa ta fito fili. Haka wanda ke da layi na biyu na waya ko na fibar. Sannan Starlink na ba da sabon tsarin adireshi, IPv6, inda kowace na'ura ke iya samun adireshinta na duniya, kuma a MikroTik dokokin IPv6 jeri ne na daban. Ana iya kulle ƙofar gaba da kwaɗo uku a bar ta baya a wangale ba a sani ba.

Ga mai sayar da wifi kuma, baƙon da ya fi haɗari ba daga ƙetare yake ba. Yana zaune bisa benci a ƙofar shago, ya sayi tikitin dala ashirin. Shi a idon na'ura ɗan gida ne. Dokar da ta ce a rufe na waje ba ta shafe shi ba. Idan ba a raba ba, zai iya ganin shafin sarrafa rutar, ya gwada kalmar sirri, ya yanka wa kansa tikiti kyauta; zai iya ganin kwamfutar da ake lissafin kuɗi da ita idan layi ɗaya suke. Shi ya sa ƙwararru ke bambanta dokoki iri biyu: na abin da ya nufo akwatin kansa, da na abin da ke ratsawa ta cikinsa zuwa wani wuri. Abokin ciniki haƙƙinsa ratsawa ne zuwa intanet. Ba shi da abin yi da Winbox, ba shi da abin yi da wayar maƙwabcinsa a benci. Ƙofar sarrafawa a keɓe ta ga waya ɗaya ko adireshi ɗaya na mai shago. Gidan likita ko makarantar da ke ba baƙi wifi bisa layin da ke ɗauke da takardun marasa lafiya ko sakamakon ɗalibai, wannan gyaran ya fi gaggawa a wurinsu.

Akwai wata ƴar muhawara tsakanin masu aikin: idan an hana baƙo, a gaya masa an hana shi, ko a yi masa shiru? Na'urorin na iya yin duka biyun. A ganina ga na waje shiru ya fi, ya tsaya yana jira har ya gaji, ba a ba shi ko amsar sallama ba. Ga na cikin gida kuwa gara a ba shi amsa nan take, don kada ma'aikaci ya zauna yana kallon allo yana zaton rezo ne ya ɗauke. Shirun dai ba ya ɓoye gida. Idan akwai ƙofa ɗaya a buɗe, inji zai same ta. Kuma wanda zai taɓa waɗannan dokoki daga nesa ya yi hattara kada ya kulle kansa a waje. MikroTik na da maɓallin kariya da ke mayar da komai yadda yake idan layi ya yanke ana cikin aiki. Wanda bai danna shi ba, wata rana zai hau mota daga Maraɗi zuwa Dakoro don gyara layi ɗaya.

To amma kada a ɗora wa mai gadi abin da ya fi ƙarfinsa. Littafinsa na cewa duk wanda ɗan gida ya kira, a bar amsarsa ta shigo. Idan aka yaudari ɗan gida ya yi kiran fa? A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto kan wani gungu mai magana da Faransanci da suka laƙaba wa OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 gungun ya kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa. Abin da aka tabbatar sun sace ya kai dalar Amurka miliyan 11, wato sama da miliyar 6 na sefa. Ba katanga suka fasa ba. Wasiƙun imel suke aika wa ma'aikata, masu kama da sanarwar haraji ko tallar aiki. Ma'aikaci ya buɗe, sai wata manhaja ta zauna a kwamfutarsa, ita ce kuma ke kiran ɓarayin daga ciki. Suna iya yin watanni suna nazarin yadda kuɗi ke tafiya kafin su kwashe, galibi a ƙarshen mako ko ranar hutu. A 2023 hukumar Interpol ta sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a gungun a Kodebuwa.

Darasin da ma'aikatu za su ɗauka a nan shi ne fita ma na bukatar doka. Kwamfutar da ke riƙe da asusun mutane ba ta da dalilin yin magana da duk duniya. A rubuta wuraren da aikinta ya shafa, a hana sauran, kuma a ajiye rajistar abin da aka hana, a samu mai duba ta. Kwamfutar biro da ke ƙoƙarin kiran wani baƙon adireshi da ƙarfe 3 na dare tana ba da labari, in akwai mai saurare.

Ta fuskar doka ƙasar ba ta zauna haka ba. Akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda ta haramta kutse cikin na'urar wani. Akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2017, aka sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Akwai ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa. Sai dai duk lokacin da dokar 2019 ta shigo bakin jama'a, kan abin da mutane ke rubutawa a Facebook da WhatsApp ne, musamman bayan gyaran watan Yuni na 2024 da ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna. Wannan muhawara ce mai muhimmanci, amma ta shanye ɗaya ɓangaren. Doka na iya hukunta ɗan Nijar da aka kama. Ba ta iya kamo injin da ke wata ƙasa yana gwada ƙofofi. Wanda ya tara lambobin waya da takardun shaidar mutane a kwamfutarsa, shi ke da alhakin tsare su, ko meri ce, ko makaranta, ko mai shagon aika kuɗi.

Inda hukuma da ma'aikatu za su iya yin tasiri da kuɗi kaɗan shi ne wajen karɓar aiki. Yau idan aka ba ɗan kwangila aikin kafa intanet a wata ma'aikata, gwajin da ake yi kafin a sa hannu shi ne a buɗe shafi a ga ya buɗe. Babu abin da zai hana a ƙara sharaɗi cewa sai ya miƙa jerin dokokin gadi a rubuce, da dalilin kowace ƙofar da ya buɗe, da sunan wanda ke riƙe da kalmar sirri bayan ya tafi. Cibiyoyin koyon sana'a da ke yaye matasa masu kafa wifi su ma za su iya hana takardar shaida ga wanda bai iya rubuta waɗannan layuka huɗu ba.

Mai shago kuma ba sai ya iya rubuta dokokin da kansa ba. Ya isa ya zaunar da tekinisiyansa ya tambaye shi: yaushe aka sabunta manhajar akwatin nan, kuma an canza kalmar sirri bayan nan? Wanda ya sayi tikiti yana iya kaiwa ga shafin sarrafawa? Idan ana kallon kyamarori daga gida, ƙofa aka buɗe wa duniya, ko an bi ta rufaffiyar hanya irin WireGuard, wadda ke cikin RouterOS tun siga ta 7? Daga nan sai ya ce a buɗe masa jerin dokokin a allo, na IPv4 da na IPv6, ya duba layin ƙarshe da idonsa. Idan shafin fari ne fat, aikin bai ƙare ba, kuma cikon kuɗin tekinisiyan na iya jira.